Injin jet a jirgin katako, zai raba ni da yashin bazara?

Dan_Gungu

Assalamu alaikum yan uwa barkanku da war haka. Dan Allah masu sanin harkar injin jirgin ruwa ku bani shawara kafin in yi asarar dan abinda na tara. Ina da jirgin katako a wajen Yauri irin dogon nan, ina daukar mutane da kaya, shinkafa shanshera, albasa, wani lokacin har babura biyu ko uku a ciki, injina Yamaha Enduro ne mai doki 40. To matsalar da zarar bazara ta shigo ruwa ya fara janyewa shikenan hankali ya tashi, tudun yashi ko ina, inda ka wuce lafiya satin jiya yau sai kaji kafar inji ta daki kasa. Bana kadai farfela uku na canza, daya ta lankwashe, daya kunnenta ya balle, ta ukun kuwa kututture ne ya sameta har abin ya taba giyabos, kwana tara jirgi na daure a kwata ba aiki, ga iyali ga yaran jirgi suna kallona.

Shekaranjiya wani yarona ya nuna min bidiyo a waya, wasu turawa cikin karamin jirgi suna sheka gudu a ruwan da wallahi bai wuce idon sawu ba, kana ganin tsakuwa a kasa tar amma suka wuce kamar ba komai. Yace wai injin jet ne, bashi da farfela a waje, ruwa yake zuka ya feso ta baya, kuma wai ana iya cire kafar inji irin nawa a daura ta jet din. Tun ranar nake ta lissafi ko barcin kirki bana yi.

Shin gaskiya ne ko hadin bidiyo ne? In gaskiya ne zai yi a jirgina da lodi? Ya shan mai yake? Wanda ya taba tukawa ko ya taba gyarawa dan Allah yayi magana, nagode.

Bakanike_Lokoja

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Gungu, Allah ya mayar da alheri. Ni bakanike ne, na daɗe ina gyaran injin jirgi tsakanin Lokoja da Fatakwal kuma hannuna ya taɓa jet ɗin nan. Bidiyon ba haɗi bane, gaskiya ne. Amma a jirginka na katako da lodin shinkafa, kar ka saka, ka ji na faɗa maka tun daga farko.

Ka san injin ban ruwa na fadama ai? To jet ɗan uwansa ne, ba wani tsafi a ciki. Akwai baki a ƙasa mai ƙarafuna a jere kamar haƙoran mataji, ta nan yake zuƙo ruwa, farfelar ma tana nan ba wai babu ba, a cikin gida take a rufe, ita ke matsa ruwan ya fita ta bututun baya da ƙarfi, wannan fitar ce ke tura jirgi gaba. Tunda ba abin da ya sauko ƙasa da gindin jirgi, ba abin da zai daki yashi. Har nan yaronka ya yi gaskiya.

Abin da bidiyo bai nuna maka ba shi ne jirgin nan ba ya wuce ruwan idon sawu sai yana gudu sosai har ya ɗago ya hau saman ruwa yana sulu, kamar yadda yara ke wurga tsingaro a tafki yana tsalle, muddin yana da gudu yana sama, gudun na ƙarewa sai ya nutse. Jirgin da ka gani na alminiyon ne, gajere, gindinsa a shimfiɗe, mutum biyu ko uku a ciki. Naka dogo ne mai nauyi, katakon ma ya sha ruwa, ga buhu ga babur, shi ba hawa saman ruwa yake ba, keta ruwa yake. Ko wane irin inji ka ɗaura masa cikinsa na nan zaune a ruwa yadda lodi ya danna shi. Yau ƙafar inji ce ke taɓa ƙasa, gobe ka saka jet gindin jirgin ne da kansa zai zauna a kan yashi, ɗan abin da ka ci riba bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar ƙarfi. Jet na cinye wajen kashi 30 cikin 100 na ƙarfin inji, shi ya sa in ka ga na kamfani za ka ga an rubuta lamba biyu, 60/40 ko 90/65, ta farko ƙarfin kan inji ta biyu abin da ya rage a bakin bututu. Wato 40 ɗinka zai dawo kamar 28 zuwa 30. Man da yake sha bai ragu ba amma aikin ya ragu, kuma a tafiyar sannu da kaya mai nauyi nan ne jet ya fi lalaci, farfela ta fi shi cizon ruwa nesa ba kusa ba. Da tsadar man nan ka yi lissafi da kanka.

Na uku kuma wanda ya fi ba ni aiki a gareji, yashi. In kana tafiya a hankali a ruwa mara zurfi ka taka wuta, bayan jirgi zai dulmiya, bakin nan ya kusanci ƙasa ya dinga zuƙar yashi da tsakuwa kamar mai shan fura da ludayi. Tsakanin farfelar ciki da zoben da ke kewaye da ita tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba, yashi na cinye wurin tazara ta buɗe, sai ka ji inji na ihu jirgi ba ya tafiya. Kuma daga ruwan nan ne inji ke shan na sanyaya kansa, robar famfon ruwa ma ba ta tsira. Kayan gyaran ba a kasuwar Yauri suke ba, ko a Legas sai an yi odar su daga waje, ka ga kwana tara zai koma wata uku.

Manguru_Kachala

Oga bakanike ya gama magana. Ni dai abinda zan kara shine ciyawa. Mu nan bangaren Nguru da Hadejia kachala ta cinye hanyoyin ruwa, ga kainuwa ga ledar fiya wata da ruwa ke kwasowa daga gari. Wasu masu aikin bincike sun taba zuwa da karamin jirgi mai jet na rakasu kwana biyu, wallahi tafiya kadan sai a tsaya, ciyawa ta toshe bakin, a kashe inji a jira ta saki, in bata saki ba mutum ya zura hannu a ruwa yana cirowa. Leda daya tak in ta manne a bakin nan karfin ya tafi. Ranar ta biyu igiyar kalli ya zuka ta nade a karfen ciki sai da aka ja shi bakin gaba aka kwance. Karshe da kwalekwalena da gora muka karasa aikin. Bansan ko wajenku akwai ciyawa kamar namu ba amma ai masunta na kafa taru da mamari ko ina, ka duba wannan.

Ɗalibi_a_Waje

Salam. Ina karatu a Christchurch, ƙasar Niyu Zilan, kuma nan ne gidan wannan jirgin, don haka bari in ɗan saka baki duk da ni ba matuƙi ba ne, fasinja kawai na taɓa zama a kogin Waimakariri da ke kusa da mu.

Wanda ya fito da shi wani makiyayin tumaki ne mai son ƙere-ƙere, Bill Hamilton, yana da gona a wani wuri da ake kira Irishman Creek. Kogunan yankinsu daga duwatsu masu ƙanƙara suke gangarowa, suna rarrabuwa kashi-kashi kamar kitso a kan shimfiɗar tsakuwa, ruwa mai gudu amma ba zurfi, farfela ba ta rayuwa a ciki. A 1954 ya haɗa jirginsa na farko mai jet. Da farko a ƙarƙashin ruwa bututun yake fesowa, daga baya suka mayar da shi yana fesowa ta bayan jirgi a saman ruwa, sai gudu ya ƙaru kuma gindin jirgi ya zama sumul ba abin da ya leƙo. A 1960 jiragensa suka hau kogin Colorado na Amurka ta cikin kwazazzabon Grand Canyon suna fuskantar ruwa, ɗansa Jon na cikin matuƙan. A 1977 kuma Edmund Hillary, wanda ya fara hawa ƙololuwar Everest tare da Tenzing Norgay, ya bi kogin Ganges na Indiya da irin jiragen nan tun daga teku ya nufi duwatsu. Kamfanin yana nan har yau a garin nan, HamiltonJet.

Na kawo tarihin ne don ka ga irin ruwan da aka ƙera shi dominsa. Ruwan nan garau yake, matuƙi na ganin ƙasa daga nesa, tsakuwa ce wankakkiya, ba kainuwa ba taru ba leda. Namu na kogin Kwara ruwan ƙasa-ƙasa ne, ko tafin hannunka ka nutsa ba ka gani. Masu yawo da baƙi a kogin Shotover na ƙasar nan suna cewa jirginsu na wuce ruwa mai zurfin santimita 10, kuma na yarda don na ga irinsa da idona, amma da injin mota mai ƙarfin doki ɗaruruwa a ciki, kuma matuƙan sun haddace kowane lungu na kogin.

Abin da ya fi tsaya min a rai ranar da na hau shi ne maganar da matuƙin ya yi mana kan sitiyari. Jet ba shi da wani abu a ruwa da ke juya jirgi in ba feshin nan ba, bututun ake karkatawa. Kana sakin wuta feshi ya mutu, sitiyari ma ya mutu, jirgi ya ci gaba da tafiya inda ya dosa. Wato lokacin da ka hango kututture gabanka ya faɗi, hannunka na son sakin wuta, lokacin ne ake so ka ƙara wuta ka kauce. Wanda ya saba da farfela shekara ashirin sai ya sake koyo daga farko. Kuma in ka hau tudun yashi da wannan gudun jirgi tsayawa yake cak mutane su wuntsila gaba, ga shi ya haye can tsakiyar tudu inda turo shi ma aiki ne. Ina tuna hatsarin jirgin ruwa na Warrah a jihar Kebbi na watan Mayun 2021 da yawan rayukan da aka rasa, shi ya sa duk maganar ƙara gudu a ruwan yankin nan da fasinja a ciki tana tayar min da hankali.

Amma ban yarda a ce ba shi da amfani a wajenmu kwata-kwata ba. Ƙaramin jirgi mara nauyi na ɗaukar mara lafiya ko na ceto, wannan wata magana ce daban da jirgin lodi.

Dan_Gungu

Allah ya saka muku da alheri, wallahi na karu. Oga bakanike maganar lodi na gane, na hakura da ita, dama zuciyata na raya min abin yayi sauki da yawa.

Amma dalibi ka tabo inda yake min ciwo, bari in fadi gaskiyar abinda yasa na kasa barci. Ba farfela kadai bace. Watan jiya matar kanina nakuda ta zo mata da gardama, da asuba muka dauko ta daga gungu, wato tsibirinmu, zamu kaita asibiti a Yelwa, mu biyar ne kawai a jirgi ba kaya, muka hau yashi a wurin da nake ganin na sani kamar tafin hannuna. Mun fi awa daya muna turawa ruwa iya kwauri tana kwance tana salati, tsohuwarmu na rike da kanta. Allah ya rufa asiri ita ta tashi amma yaron bai zo da rai ba. Bance yashi ne ya kashe shi ba, kwana ne ya kare, amma awa dayan nan tana nan a kirjina. To in mutanen gungunmu da na kusa muka hada kudi muka nemi karamin jirgi na wannan aikin kadai, jet din zai yi?

Tsohon_Basarke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi ba ku hakuri dana, Allah shi sa mai ceto ne, ita kuma Allah shi kara mata lahiya.

Ni tsoho ne, jikana ka rubuta min wanga. Tun kahin a tare ruwa a Kainji a 1968 nike cikin jirgi bayan mahaihina, da gora da filafili munka fara, inji daga baya ya zo. Kututturan da ke cin farfelarku itatuwan da ruwan dam ya shanye ne, muna yara mun sha inuwar wasunsu. Abin da zan ce maka, yashi tafiya shikai, kowace shekara in ruwan da ke zuwa daga Mali lokacin sanyi ya wuce sai ka iske hanya ta sake. Da can in ruwa ya fara sauka matuka kan taru su bi hanya da gora suna aunawa suna kafa sanda, kowa ya san ta inda za ya bi, in ta gushe a sake kafawa. Yanzu kowa ya dogara ga inji an bar wannan. Ku maido da shi, ba ya cin ko kwabo, kuma ko wane inji kunka saye sai kun bukace shi. Ka aje yaro a goshin jirgi da gora, ka koya mishi kallon ruwa, inda ruwa ya yi kananan tamoji shina sheki yashi na kusa, inda ya yi duhu ya kwanta lumui nan zurhi yake, inda ya rabe biyu kamar an tsaga akwai icce a kasa.

Kuma injin naka yana da wurin da ake dage kafa rabi a makale ta don ruwa maras zurhi, ka yi amfani da shi ka tafi sannu, idonka na kan fitsarin inji, wato dan ruwan sanyayawa da inji ka fesowa waje, kar ya dauke. Mai gudu kuma ya tuna da kananan kwalekwalen masunta, igiyar ruwan da ya bari baya tana kife su, ga dorina a wasu wuraren.

Bakanike_Lokoja

Allah ya jiƙan yaro Malam, ya ba ku dangana. Baba ya faɗi abin da ya fi duk nawa, a fara da kafa sandunan nan.

Kan tambayarka, eh, a wannan aikin jet zai iya yi, amma da sharaɗi kuma jirgin ne farko ba injin ba. Na alminiyon mai shimfiɗaɗɗen gindi, ƙafa 16 zuwa 18, da inji irin 60/40, mutum huɗu ko biyar iyaka har da matuƙi, in aka ce dangi duka sai sun raka to ba zai ɗago ba kun koma gidan jiya. Allon baya sai an ƙara masa tsawo wajen inci 6 don leɓen gaba na bakin zuƙar ya zo daidai da gindin jirgi, in ya yi ƙasa zai daki abu in ya yi sama iska zai zuƙa. Wajen tashi a nemi ruwa mai zurfi, ko da iya cinya, a ɗago a nan sannan a shiga mara zurfin da gudu, kuma kar a sassauta a tsakiya sai an kai wani zurfin. In ka ga dai za ka zauna a yashi, kashe inji nan take kafin ya sha ƙasa, a sauka a tura. Ribas ɗinsa wani murfi ne ke saukowa ya juya feshin gaba, kar a yi ta wasa da shi a wuri mara zurfi don yashi yake tayarwa ya koma baki. Kullum aka dawo a ɗura giris a bodin jet ɗin har sai sabo ya fito ta ɗan tiyon, in ka ga ya fito da ruwa-ruwa fari to sil ya tafi. In tazarar farfela ta buɗe akwai washa-washa a ƙasanta, ana ɗauko ɗaya a mayar sama sai ta matso. Duka wannan sai an samu mutum ɗaya da zai riƙe jirgin a matsayin amana, ba kowa ya ja ba. Da dare kuma ko kusa, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma ta hana tafiyar dare, balle jirgin da sai da gudu yake aiki, kuma rigar kariya kowa ya saka har mara lafiyar.

Amma in ni ne ku, kafin in kai ga wannan kuɗin zan gwada mai dogon wutsiya irin na mutanen Tailan. Injin fetur ne irin na markaɗe ko na ban ruwa, mai doki 13, a ɗaura shi a kan maƙali mai juyawa a bayan ƙaramin kwalekwale, a haɗa masa dogon ƙarfe kamar mita biyu da ƙaramar farfela a ƙarshe. Farfelar can baya take kusa da saman ruwa, ka ga yashi ko ciyawa sai ka danna hannu ta ɗago, ka wuce ka mayar. Ba shi da gudun jet ko kusa, amma yana tafiya a hankali a ruwa kaɗan ba tare da ya sha yashi ba, wanda jet ba zai iya ba, kuma duk bakaniken injin ban ruwa a Yelwa zai gyara shi. Hatsarinsa farfelar a fili take, in ana juyawa a kwata a kula da mutanen da ke cikin ruwa.

Dan_Gungu

Nagode Baba, nagode Oga, Allah ya bar zumunci. Ranar Juma'a bayan masallaci zan tara matukan kwatarmu kan maganar sanduna, nasan mutum uku da zasu bini ko sauran sun ki. Akwai karamin kwalekwalen kanina da yake ajiye, kuma ina da injin ban ruwa da bana amfani dashi sai dai nawa mai doki 6.5 ne ba 13 ba. Oga zai iya tura mutum hudu ko sai na nemi babban? Kuma dogon karfen nan mai walda zai iya hada min ko shima sai an yi oda?

Bakanike_Lokoja

6.5 zai tura ƙaramin kwalekwale da mutum huɗu a kwantaccen ruwa amma sannu, in za ku fuskanci ruwa mai gudu zai wahala, fara gwadawa da shi ka ga yadda kwalekwalen ke ɗauka kafin ka sayi babba. Maƙalin da hannun riƙewa mai walda zai yi. Ƙarfen ciki kam sai mai injin dira ya miƙe shi sosai, in ya ɗan karkace girgiza za ta cinye bushin cikin sati ɗaya. Auno min tsawon kwalekwalen da tsayin bayansa daga ruwa in mutum huɗu na ciki, sai in faɗa maka tsawon ƙarfen da za a yanka.